Jar Langa da Shuɗin Marfi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba, amma tun shekaranjiya nake ɗauke da labari, kuma duk garin Agiye ke ce ya kamata ki fara jin sa.

Mun yi ƙaramar Sallah, ta farko da babu ke. Cikin tsananin zafi ta faɗo, ruwan randa ma sai ka ce an ɗora shi a wuta. Baba yana lafiya, sai dai ya rage magana. Na karɓo takardar lisans ɗina, wato digiri, daga Maradi, aiki kuwa har yanzu shiru. Ni na yi kayan Sallah bana. Dubulan ya yi kyau. Alkakin ya ɗan yi tauri, ina jin ban bar kwaɓin ya tashi sosai ba.

Ƙannen Baba, Gwaggo Hajo da Gwaggo Rabi, suna nan yadda kika bar su. Tun rabon gonar Kaka babu mai taka ƙofar wata. Ko a zaman makokinki, ɗaya na ɗakinki, ɗaya na gindin bishiyar bedi.

Ranar Sallah kowace ta aiko da tuwo kamar kullum, Gwaggo Hajo a jar langarta, Gwaggo Rabi a shuɗiya. Na wanke kwanukan na jera kayan Sallah a ciki yadda kike yi: alkaki a ƙasa don kada ruwan sukarinsa ya jiƙa saura, farar takarda a kai, sai cincin, dubulan can sama don kada ya karye. Sai na ɗauko marafan, na tsaya.

Inna, kowace shekara sai kin rufe jar langa da shuɗin marfi, shuɗiya da ja, ki ɗaure su cikin kallabi. Ban taɓa faɗa miki ba, amma abin ya daɗe yana hana ni sukuni. Na ɗauka idonki ne ke tafiya. Abin da ya sa na matsa miki zuwa wajen likitan ido a Maradi ke nan. Da ya ce idonki ya fi nawa, kika yi ta dariya cikin mota har muka iso gida. Me ya hana ki gaya mini?

Ina tsaye da marafan nan na tuna kina tsince tsakuwa cikin gero bayan magariba, babu fitila. Na kuma tuna duk washegarin Sallah sukan iso, kowace da marfin ƴar'uwarta a hannu, suna mita, ke kuwa tabarma guda kike shimfiɗawa. Duk shekara, ranar kaɗai suke zama wuri ɗaya.

Kin san ni da tsoron kuskure. To idan suka zo suka kaure, wa zai raba? Idan kuma babu wadda ta zo? Na dai musanya marafan, na ɗaure kowace langa da kallabinki, na kai da kaina.

Washegari har azahar shiru, na kasa cin komai. Bayan la'asar sai ga sallamar Gwaggo Hajo. Ba ta gama zama ba Gwaggo Rabi ta shigo. Gwaggo Hajo ta ce an yi asarar karatun lakol, yarinya da lisans amma ba ta raba ja da shuɗi. Gwaggo Rabi ta ce gado ne, idon uwata na ɗauko. A iya sanina, wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya tun rabon gonar. Na shimfiɗa tabarmarki. Suka ci alkakin suna kushe shi, suka ambace ki, suka yi kuka.

Da za su tafi, Gwaggo Rabi ta ja ni bayan rumbu. Ta ce baɗi in ƙulle kallabin sosai kamar yadda kike yi, don tun daga soro ta hango jan marfin, kuma ta fi son sai ta kwance ta gani.

Ashe sun sani, Inna?

Yanzu a unguwa ana cewa idona ba shi da kyau. Ban musa wa kowa ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kina hutawa.

Ƴarki mai kewarki,
Zulai