Muryarka da na goge

Ɗana Isuhu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina iyali, ina zaman Abijan? Mu nan Deule lahiya lau.

Na yi ɓarna. Na sawo ƙaramin rediyo mai kaset a Madawa, daidai ɗakinmu. Mai butik ya rantse sabo ne, amma dariyarshi ba ta kwanta mini ba. Da ilimina na aji ukku na danna jan maɓalli, na goge kaset ɗin muryarka da ka aiko kahin innarka ta saurara. Tarina kaɗai ya rage ciki. Ta ce, "Malam, mi yaron ya ce da kake ɓoye mini?" Ko tuwo da harara take miƙo mini.

Ka aiko wani, tana bina muryarka. Sa mu addu'a, gaida kawunka Hamidu.

Babanka