Lorinarki ta Takarda, Tawa Tana Rarrafe

Zuwa ga Madam marubuciyar littafin Lorina, ta hannun masu buga shi da Faransanci.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ni tela ce a Zongon Lome, kuma ni ce na kawo littafinki unguwarmu. A kasuwar Asigame na tsinci kashi na farko wajen mai tsofaffin littattafai. Duk abin da na karanta sai in zuba wa mata da Hausa a shagona, ina taka keke. Yau ƙara na kawo.

Na ɗaya. A littafin farko kin nuna mana Lorina yarinya mai kunya, mai jinyar marasa lafiya, wadda mayu ke farauta ba gaira ba dalili. Har kuka muka yi mata. Ana cikin haka na haihu, aka sa wa jaririyar sunan surukata. Madam, mu nan ba a kiran sunan uwar miji gatsau, dole a nemi laƙabi. Na ce Lorina. Hajiya da kanta ta sa albarka, ta ce sunan mai tausayi ne.

Na biyu. Da littafi na biyu ya iso, ban tsaya leƙa ƙarshe ba, ina karantawa ina fassarawa, shago cike. Kika kwashi Lorina kika jefa ta zamanin kakannin kakanninta, wai ta je neman asalinta. Asalin me? Ashe kakarta ce shugabar mayun! Da bakina na faɗa, ɗiyata tana goye a bayana. Nan take wata ta jawo ɗanta jikinta. Wataƙila a ƙasarku maita sana'a ce da ake shiga makaranta a koya. A Zongo gado ce, a nono ake sha. To nonon wa Lorinata take sha?

Na uku. Mijin da kika ba ta. Duk mazan duniya ba ki ga kowa ba sai mai shan jini, fari fat, wanda ya girmi kakanta, ba ya fita rana, ba ya cin tuwo. Ko sadaki ban ga inda ya biya ba. Yanzu 'yan zemijan, masu baburan haya na bakin layinmu, in na wuce sai su tambaye ni ya surukin nawa, ko a kawo masa jini daga mahauta.

Na huɗu, wanda ya sa na ɗauki biro. Ɗan maƙwabciyata Rabi ya kwanta da zazzaɓi. Maimakon asibiti, sai ga Rabi da tawagarta a ƙofata, wai Lorina ta zo ta tsallaka shi, kamar yadda ake sa maye ya yi don ya saki kurwar da ya kama. Yarinyar da ko tsayuwa ba ta iya ba! Haƙoranta biyu! Na zage su tas, na rufe ƙofa, na zauna na yi kuka. Da aka kai yaron asibiti aka ce cizon sauro ne, amma har yau ba a aiko yara su ɗauke ta wasa.

Na gwada sauya laƙabin. Na kira Ummi, na kira Mama, ko waiwaye ba ta yi. In na ce Lorina, sai ta bar abin da take yi ta rarrafo da dariya.

Don haka ina roƙo. A littafi na uku ki sa Lorina ta tuba a bainar jama'a, ki raba auren nan, ki nemo mata ko da direba ne mai cin abinci. Kuma na ji ana raɗe-raɗin za ki kashe ta don littafi ya yi armashi. Don girman Allah kada ki yi. Ni zan karanta wa matan nan, kuma bakina ba zai iya furta cewa Lorina ta mutu ba. Ki bar ta ta tsufa.

Allah ya ƙara miki basira, ya shirye ki, ya raya naki 'ya'yan da sunayen da ba wanda zai ɓata musu.

Wassalam.

Maman Lorina,
Zongo, Lome.