Lemun Tsami a Kan Lambar Binta

Zuwa ga Yaya Sani a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da harkar goro.

Bayan haka, agana ta ɓulla a unguwar Koki, aka yi wa yara lambar rigakafi, har da 'yarka Binta. Kwana takwas ina duba damtsenta, ko ƙurji babu, alhali a makarantar duba-gari an koya mana sai wurin ya tashi lamba ta kama. Da na tambayi Inna, ta ce, "Da lemun tsami na goge. Kai da karatunka, ana sa wa mai lafiya ciwo?"

Na yi mata bayani, ta ƙi yarda. Maganarka kaɗai take ji. Don Allah ka rubuto mata ta bari a sake yi wa Binta kafin masu lamba su bar birni.

A sa mu a addu'a. Gai da Yaya Hauwa.

Ƙanenka,
Bello