Mushe a Tsakar Gidan Thakur

'Yata Sunehri,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata ke da mijinki da yara kuna lafiya a Kanpur.

Babbar kotu ta soke ƙarar da na shigar. Ba su ce Thakur Bhanwar, mai manyan gonakin ƙauyenmu, bai zage ni ba. Ya kira ni ɗan majema, jikan masu jan mushe, ranar da na je masa magana kan ruwan da ya tare wa gonarmu. Amma, in ji alƙalai, a tsakar gidansa ya faɗa, kuma doka ba ta san zagin asali ba sai an yi shi a bainar jama'a. Ashe barorinsa da suka yi dariya ba jama'a ba ne.

Shekara talatin ana kirana Masterji, ina koya wa yara cewa kowa daidai yake a gaban doka. Da alkama na shuka, da ta fi amfani.

Mahaifinki,
Mangeram

Babuji,

Ina taɓa ƙafafunka don girmamawa. Don Allah ka haƙura, ka je ka gaida Thakur ko don ruwan. Shinkafa ba ta jiran ɗaukaka ƙara, hawan jininka ma haka.

'Yarka,
Sunehri

Sunehri,

Albarka gare ki. Ban je ba, shi ya aiko. Saniyarsa ta mutu, kuma kin san masu babban asali irinsu ba sa taɓa mushe, sai mu. Baransa ya tsaya a bakin unguwarmu, kamar ƙasarmu tana cizo.

Ya ce, "Masterji, a turo mutane su ɗauke."

Na ce, "Ina take?"

"Tsakar gida."

"To ai abin da ke tsakar gida ba a ganinsa. Kotu ce ta faɗa."

Tsohuwa Phoolwati ta leƙo ta ce wa baran, "Ka ce wa maigidanka ya kira alƙalan, su ma suna da hannu."

Ba wanda ya fita. Yanzu wari ya tsallake katanga, ya kai bakin haikalin da suke bauta. Ganyen shinkafarmu ya fara naɗewa, ba zan ɓoye miki ba.

Mahaifinki

Babuji,

Gaisuwa da girmamawa. Hankalina bai kwanta ba. Me ya faru?

Sunehri

'Yata,

Jiya Thakur ya buɗe ruwan, ya aiko wai yanzu sai mu zo. Ba mu je ba, ruwan dama namu ne. Da hantsi shi da 'ya'yansa suka ja mushen saniyar da igiya ta gaban mai shayi, hanci a toshe.

Wannan kam jama'a sun gani.

Ki gaida yara.
Mangeram