Abin Da Bappa Ya Buga A Kwamfutata

Assalamu alaikum Adda mai shafi, da ku masu karatu, ina gaishe ku daga Jimeta. Don girman Allah ki sakaya sunana. Duk wanda ya ji hannunsa na ƙaiƙayin yi min wa'azi, ya daure ya kai ƙarshe tukuna, na san abin da na aikata, ba sai an fassara min ba. Saura mako uku a ɗaura min aure, kuma mutumin da zai zauna a matsayin waliyyina shi ne ya yi sanadin yayana. Ni kaɗai na san haka, ta hanyar da ba zan iya buɗe baki in faɗa a gaban mutane ba.

Mu 'yan arewacin jihar nan ne. Shekarar da 'yan tayar da ƙayar baya suka shiga garinmu, ni da Dada mahaifiyarmu muka fito da ƙafa ta cikin duwatsu, da kayan jikinmu kawai. Mahaifinmu ya riga ya rasu tun kafin nan. Hamma, yayana, shi kaɗai ne namiji a gidanmu, ya ƙi biyo mu saboda Goggo, yayar babanmu, wadda ba ta iya tafiya. Ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a ɗaki ba. Da muka iso Yola, wani abokin babanmu ne ya karɓe mu, tsohon ma'aikacin gwamnati, ɗan asalin cikin gari amma gidansa na Damilu. Bappa muke ce masa. Ya ba mu ɗaki biyu, ya ciyar da mu, ban taɓa musun wannan ba.

Sai bayan mako shida Hamma ya iso, bayan Goggo ta cika ya binne ta da hannunsa. Wanda ya zauna Yola a lokacin ya san yadda ake kallon wanda ya makara fitowa. Me ya tsayar da shi? Ya aka yi suka bar shi da rai? Haka ake ta raɗa a bakin masallaci. Kwanansa tara a gidan, bayan La'asar yana wankin rigarsa a bakin famfo, jami'an tsaro suka zo da mota suka tafi da shi da kumfa a hannunsa. Bappa ya fito ba hula yana cewa, "Yaron gidana ne! Ku saurare ni!" Shi ne kuma ya riƙa ɗaukar Dada a motarsa ofis-ofis ana cigiya. Yau sama da shekara goma ke nan, ko rigar Hamma ba mu gani ba, kuma Dada ba ta yarda a yi masa addu'ar mamaci.

Ni kuwa na koyi buga takardu, Allah ya taimake ni na buɗe ƙaramin kafe a Dubeli, kwamfuta uku da injin fotokofi. Bappa ya zama kwastomana na kowace Alhamis, domin shi bai yarda ya buɗe imel a waya ba, ya ce waya ta yara ce kuma ɓarayi sun cika ta. Akwai wata al'ada da duk mai kafe a garin nan ya sani: idan babban mutum zai buga kalmar sirrinsa, sai ka tashi ka juya masa baya, ka kalli bango har sai ya ce ya gama. Ladabi ne, kuma a wurinsu tsaron ke nan gaba ɗaya. In dai ido bai gani ba, sun ɗauka babu wanda ya gani. Bappa har yabona yake yi a kan haka. "Ke kam 'yata kin san kunya," in ji shi, "yaran wancan shagon ido suke zuba wa mutum kamar za su cinye yatsunsa."

Bara na je suna a Alkalawa, na zauna kusa da wata tsohuwa da mijinta ya yi mai unguwa a Damilu lokacin da abin ya faru. Da ta gane ni, ta kama hannuna ta ce, "Har yanzu kuna gidan nan?" Na ce mun tashi, amma muna zumunci. Sai ta ce, "Ke dai Allah ya ba ku haƙuri. Takarda aka rubuta a kan yayanki, kuma ba daga waje ta fito ba." Na ce, "Hajja, wa ya rubuta?" Ta saki hannuna ta ce ita ba ta ce komai ba, ta juya tana neman ruwa. Na koma gida kaina na sarawa. Maza nawa ne a gidan da suka iya rubuta takardar ƙorafi da Turanci? Ɗaya ne.

Amma zargi ba hujja ba ne, kuma da na je wa Dada da wannan maganar da ta mare ni. Ana cikin haka aka tara mu masu kafe aka kawo wani malami ya wayar mana da kai kan 'yan damfara. Ya yi mana bayanin wata manhaja da suke kira kiloga, wadda idan aka ɓoye ta a kwamfuta take naɗe duk harafin da aka danna a kibod, har wanda aka goge. Ya ce mu riƙa dubawa kar wani ya dasa mana ita ya kwashe sirrin jama'a. Kowa na rubuta yadda ake gano ta, ni kuwa zuciyata ta tsaya a kan kujerar da Bappa ke zama. An tara mu don a koya mana kariya, na fito da makami. Cikin satin na sa ta da hannuna.

Ranar Alhamis ya zo da jaridarsa a hammata. Na gaishe shi har ƙasa, na kunna masa fanka, da ya kai hannu kibod na miƙe na juya baya kamar kullum, ina kallon kalanda. Ina jin yana danna haruffan da yatsa ɗaya. "Na gama, useko," ya ce, yana gode min da Fulatanci. Yana fita na buɗe fayil ɗin, ga kalmar sirrin nan a fili. Na shiga imel ɗinsa na yi ta komawa baya, shekara bayan shekara, domin Bappa irin ma'aikatan nan ne da ba sa zubar da takarda. Na same ta. Ya aika wa wani jami'i abokinsa, kwana uku bayan isowar Hamma. Ya rubuta cikakken sunansa, ya ce saurayi ne da ya zauna mako shida a hannun mutanen can ya fito lafiya, bai yarda da shi ba, kuma yana roƙon kar a ambaci sunansa domin iyalin yaron suna ƙarƙashinsa. Ko kalma ɗaya bai rubuta a kan Goggo ba, alhali a gabansa Hamma ya ba da labarin yadda ya haƙa mata kabari.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na yi kuka na haƙura. Amma akwai amsa a ƙasa, bayan wata biyar. Abokin ya rubuto masa layi biyu: yaron da ka yi magana a kansa ya rasu a tsare, ciwo ne, sai haƙuri. Jama'a, tun lokacin ya sani! Shekara goma yana shigowa gidanmu da Sallah, Dada na shimfiɗa masa darduma, tana dama masa fura da hannunta, shi kuma yana ce mata, "Hajja, ki ci gaba da addu'a, na ji ana sakin wasu." Wane irin mutum ne zai kalli uwa ya faɗi haka? Wace irin zuciya ce a ƙirjinsa? Ranar na rufe shago da rana tsaka na zauna a ƙasa, ban yi hawaye ba.

Ga laifina, ba zan yi masa kwalliya ba. Bappa na fama da yanar ido, ya daɗe yana jiran wani asibiti a wata jiha su ba shi ranar aiki. Saƙonsu ya shigo ranar Litinin, na riga shi gani, na goge. Suka turo tunatarwa, na sake gogewa. Alhamis biyar yana zuwa yana dubawa da fuskarsa dab da gilashin kwamfuta, yana cewa, "Shiru har yanzu," ni kuma ina cewa, "Bappa, ka ci gaba da addu'a." Da ya gaji ya kira su, suka ce ranarsa ta wuce, likitan ya tafi, sai ya sake bin layi. Idon hagu yanzu kusan ba ya aiki. Kuna so in ce na yi nadama? Daɗi na ji, wallahi daɗi na ji, har na ci abinci da yawa ranar. Wannan daɗin shi ke ba ni tsoron kaina.

Abin da ya fi ba ni kunya ba shi ba ne. Manhajar nan ba ta san Bappa ba, kowa take naɗa. Ɗaliban da ke duba sakamako, 'yan kasuwa, duk kalmomin sirrinsu na hannuna. Akwai Malama Rifkatu, malamar firamare, 'yar kudancin jihar, da ke zuwa shigar da makin ɗalibai. Ina neman layin Bappa idona ya faɗa kan wasiƙar da ta rubuta wa likita game da rashin haihuwarta, abin da ko 'yar uwarta ba ta sani ba, kuma ban tsaya ba sai da na karanta duka. Washegari ta shigo da dariyarta ta ce min da irin Hausarta, "Adda, kai kam mutum mai amana ne, shi ya sa ba na zuwa wani wuri." Na rasa inda zan sa fuskata. Me matar nan ta yi min?

Wata Alhamis Bappa ya daɗe a zaune, ya tashi bai aika komai ba. Da na duba, ashe wasiƙa ya fara rubuta wa Dada, wai ya buga a kai mata. "Hajja, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki. Tsoro ne ya sa ni, an ce duk wanda aka samu irinsu a gidansa har shi za a tafi da shi." Daga nan sai alamar gogewa, jere, har ya cinye komai. Sau uku ya fara, sau uku ya goge. Na san wasunku za su ce ai ga shi yana nadama. Ni ban ga nadama ba. Ya samu ƙarfin halin aika waccan cikin kwana uku, wannan kuwa shekara goma ta gagare shi. Tsoro? Hamma bai ji tsoro ba ne da ya zauna da tsohuwa a garin da ake yanka mutane?

Makon jiya ya zo jikarsa na riƙe da hannunsa. Na miƙe zan juya baya, sai ya ce, "Zauna, 'yata, ba na ganin haruffan. Ke buga min, in ban yarda da ke ba da wa zan yarda?" Ya faɗa min kalmar da na haddace tun bara, na buga ina yi kamar yau na fara jin ta. Sannan ya ce, "Hajja ta same ni kan maganar aurenki. Ni zan ba da ke. Zan tsaya a madadin mahaifinki da Hammanki." Da bakinsa ya ambaci Hamma! Na ce, "Allah ya saka, Bappa," ina jin kamar in ɗauki kibod ɗin in buga masa a fuska.

Na riga na shirya komai. Takardar da amsarta suna nan a ajiye, dannawa ɗaya ce su tafi daga imel ɗinsa zuwa ga 'ya'yansa, da 'yan kwamitin masallacinsu, da duk tsoffin abokan aikinsa, da safiyar ɗaurin auren. Ina so ya shiga masallaci da babbar riga ya tarar kowa ya karanta. Ina so ya ji yadda ake ji idan ana raɗa a kanka. Amma idan na danna, Dada za ta ji mutuwar ɗanta a bakin 'yan biki, ga ta da hawan jini. Za a tambayi yadda aka shiga imel ɗin, kuma kowa ya san a wuri ɗaya yake buɗe shi. Shagona ya mutu, wataƙila har hukuma, wanda zan aura kuma bai san komai ba, yana ganina salihar mace. Idan na yi shiru, muryar mutumin nan ce za ta ce "na bayar," a shafa fatiha, a yi masa godiya. Idan na ce ban yarda da shi ba, Dada za ta ce me ya sa, kuma ba ni da amsar da ba za ta kai ga kabarin da ba mu san inda yake ba.

Jiya da safe Dada ta kira ni ɗaki ta miƙo min farar shadda yadi biyar a leda. Ta ce, "Kai wa tela ya ɗinka wa Hammanki. Bappanku ya ce ana sakin mutane kwanan nan, kar ya dawo ranar bikinki ba shi da abin sawa. A ɗan rage faɗin, na san ya rame." Na karɓa da hannu biyu na ce to. Shaddar tana nan ƙarƙashin teburina a shago, ban kai ba, ban kuma iya mayar mata ba.

Don Allah ku gaya min, me zan yi?