Idona ne ya gaza ko fuskar laftof?

Baba, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ɗinkin labule nake yi, ni da ƙanwata, a wani ɗan shago da keke biyu da teburin yanka suka cika. Ita ce mai hannu a keke, ni ce mai ido. Tun da muka fara, zaɓen launi nawa ne. Dilan da muke saye wurinsa yakan turo hotunan yadi, in buɗe a laftof ɗin marigayi maigidana, in zaɓa.

Kwanakin baya wata malamar asibiti ta ce tana son labulen falo ruwan toka. Na zaɓa, na ma yaba. Da aka kwance bandir sai ga shi kore-kore kamar gansakuka. Matar ba ta yi faɗa ba, ta dai tafi ba ta dawo ba, gara ma da ta zage ni. Yanzu ƙanwata ta ce shekaru ne, in bar mata zaɓe in koma guga da sa maɓalli. Cikin wasa take faɗa, amma ba wasa ba ne.

Abin da ban gaya mata ba, na jima ina ganin farin da ke laftof ɗin ya koma ruwan hoda. Wani lokaci in na gyara zama na tura murfin baya sai ya washe, can kuma ya dawo. Tsoron kai shi gyara nake, domin hotunan marigayi da muryarsa suna ciki, na ji ana cewa masu gyara sukan share komai. Baba, idona ne ya tafi? In shi ne, me ya rage mini a shagon nan?

Mai Labule

'Yata Mai Labule, sannu. Ki zauna ki huta tukuna, kin yanke wa idonki hukunci ba ki saurari ta bakinsa ba. Na daɗe a duniya, ban taɓa jin ciwon idon da ke tashi a gaban laftof kaɗai, ya kwanta in an tura murfi ba. Kuma wa ya ga kore da aka kwance bandir? Ke ce. To idon da ya tafi ba ya wannan aikin.

Ga abin yi, ba sai da mai gyara ba. Ki buɗe hoton yadi guda a wayarki da laftof, ki jera su. Sannan ki samu wayar haɗi ki jona laftof ɗin da talabijin. In launi ya fito daidai a can, cikin na'urar lafiya lau, fuskar ce ke da magana. Ki leƙa saiti kuma, akwai wani hasken dare da ke sa fuska ta yi ja-ja, akwai na sauya launi gaba ɗaya, hannu kan kunna su ba da sani ba. In a kunne suke, ki kashe.

Amma ni zargina yana kan murfin. Akwai siririyar waya da ta bi ta gaɓar da yake naɗewa, ita ke kai hoto fuska. In ta saki ko ta goge, launi ɗaya sai ya riƙa ɗaukewa. Na kuma san halin masu ɗinki: hannu ɗaya almakashi, ɗayan ya cafko laftof ta murfi kamar kunnen akuya. In kina yi, ki daina.

Gyaran wannan waya bai shafi inda hotuna suke ba. Duk da haka ki kwafe su da muryar a filashi kafin ki fita, ki ce wa mai gyara fuska kawai zai taɓa, ki zauna a yi a gabanki. Allah Ya jiƙan maigidanki.

Ƙanwarki kuwa, kada ki riƙe ta. Ta ga ciniki ya kuɓuce, ke kuma kin ɓoye mata dalili, me za ta zata? Ki kira ta, ki motsa murfin tana kallo. Laifinku ɗaya ku biyun, yarda da hoto. Ko sabon laftof ba ya faɗin gaskiyar yadi duka. Daga yau dila ya aiko da ƙyalle, ki fita da shi bakin ƙofa ki duba a hasken rana. Ki je a auna idon ma don hankalinki ya kwanta. Ni da tabarau nake rubuta miki wannan, kuma har yau ba a mai da ni wajen guga ba.

Allah Ya ƙara wa idonki haske, Ya bar ki da ƙanwarki a shago ɗaya, ke kina zaɓa tana ɗinkawa.