Shafin da Xurxo Ya Cire

Vigo, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Breixo,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Iria da yara a can Montevideo. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan naka. Mama tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ke hana ta zuwa coci. Gwaggo Maruxa kuma ta sami jika mace.

Yaya, raina a ɓace nake rubuto maka. Ka san shekara goma sha ɗaya ina bin jiragen kamun kifi, ina auna duk kifin shak da aka jawo. A idona suka ƙanƙance. Wanda a da sai mutum uku sun ɗaga, yau ɗaya ke wurgi da shi, matan kifin kuma ana farke su da 'ya'ya a ciki. Na rubuta wannan duka a rahoton da wakilanmu za su kai taron ƙasashen duniya, inda za a yanke ko a taƙaita cinikin fika-fikansa. To, ka san wa aka naɗa ya ba su shawara? Xurxo ɗan Kawu Anxo! Shi ɗin dai, mai kamfanin da ke busar da fika-fikan yana turawa Hong Kong. An ba kura ajiyar nama. Da rahoton ya fito, shafina babu shi, an maye gurbinsa da layi ɗaya, wai kifin yana nan da yawansa.

Wata ranar Lahadi muka haɗu cin abinci a gidan Mama, na tambaye shi a gaban kowa. Ko cokali bai ajiye ba. Ya ce wai ke 'yar awo, ma'auninki ne zai ciyar da iyalan matuƙa? Ya ce ai wanda ya san sana'a shi ake tambaya, ba mai yi wa kifi kuka ba. Na ce masa ban taɓa ganin inda mai laifi ya zama alƙalin kansa ba, kuma ranar da teku ta ƙare, shi yana da wurin gudu, matuƙan ne za a bari da igiya a hannu. Mama ta ce in ba shi haƙuri don zumunci. Ban ba shi ba.

Washegari na aika cikakken shafin ga masu shirya taron, da sunana a ƙasa. Bayan mako guda aka ce ba a bukatata a jirgi kuma. Matuƙan da na ci abinci kwano ɗaya da su yanzu suna kau da kai a kasuwar kifi, wannan ya fi korar yi mini ciwo.

Ga abin da nake roƙo. Jirgin marigayi Baba yana hannun kamfanin Xurxo a matsayin haya, kuma ba zai sabunta hayar ba sai mu biyu mun sa hannu. Zai kira ka da daɗin bakinsa. Ni dai na riga na ƙi, kai ma ina roƙonka ka ƙi. Idan ka sa hannu, kana nan yayana, amma kada ka ce mini ba ka sani ba.

Ka gaishe da Iria da Uxía da ƙaramin Roi. Mama na gaishe ku, ko da yake ni ba ta yi mini magana ba tukuna.

Ƙanwarka,
Sabela